Zanen da ke jiran hannu a zauren Gwaram

"Matso ka taɓa mana," in ji Baba Sale, ƙanin kakana.

Ina tsaye a tsohon zaurensu na Gwaram, hannuwana a baya, na saki baki. Bangon nan tun daga ƙasa har sama zanen laka ne, dagi cikin dagi, ido ba ya gane inda ya fara. Kakan Baba ne ya yi shi da yatsunsa, tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan.

Ni ma zane ne sana'ata. Na kai ayyukana baje koli har Kano, kuma ko'ina doka ɗaya ce: a kalla da ido, ban da hannu.

Na ce, "Baba, ai irin wannan ba a taɓa shi. Lalacewa zai yi."

Ya yi dariya. "Da ba a taɓa shi, ai da tuni ya zube. Duk shekara in damina ta wuce, sai mu kwaɓa ƙasa mu bi sawun yatsun kakana. Ubana ya bi, ni ma na bi. Bana dai hannun ya ƙi."

Ya ɗago hannunsa. Sai rawa yake yi.

Na sa yatsuna uku a cikin layin zanen. Wallahi suka zauna daram, kamar da su aka auna.

Na ce masa a jiƙa ƙasa, ranar Asabar ina tafe.

Ku fa, me aka bari a gidanku da yake jiran hannunku?