Kunnen Hagu na Madam Falmata

Duk malamin lekol, wato makarantar boko, da ya fito daga hannun Madam Falmata, ko a kasuwar Dole ka gan shi sai ka gane shi. Yadda yake riƙe alli, yadda yake gyaran murya kafin ya jefa tambaya, duk nata ne. 'Yar unguwar Birni ce a Zinder, jikar Barebari masu fataucin kanwa. Ta fara koyarwa a ajin zana a Droum, daga baya aka ɗauko ta zuwa makarantar horar da malamai, inda ta yi furfura. Faɗanta ɗaya ne, kuma kowa ya sha shi: a sa 'ya'ya mata lekol, a bar su su yi magana a aji. Ta yi wannan rigima da iyaye, ta yi da masu gari, har da mijinta marigayi.

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, sanƙarau ya kashe mata kunnen hagu tun tana ƙarama. Saboda haka in ta tsaya gaban tablo, babban allon aji, sai ta karkata dama, ta bai wa ɓangaren hagu kafaɗa. Ɗalibanta manya ne masu baki, mai magana ya ɗaga murya, ba wanda ya cutu. Su kuwa sun ɗauka tsayuwar ƙwararru ke nan.

Ana gab da sallamarta daga aiki ta je Hamdara duba Abdul'aziz, ɗalibin da take bugun ƙirji da shi. Yanzu shi ne darektan lekol ɗin, har ana turo masa sabbin malamai su koyi aiki. Ta zauna a bayan aji tana murmushi, don kamar madubi aka ajiye mata. Can murmushin ya ɗauke. Maza na zaune wajen taga ta damansa, mata sun taru wajen ƙofa ta hagunsa kamar yadda suka saba a gida, kuma tun da Abdul'aziz ya fara darasi bai waiwayi ƙofa ba. Tambaya dama, yabo dama, har tsawa dama.

Ta lallaba ta zauna kusa da wata doguwar yarinya, Zuliha, wadda za ta yi jarrabawar fita bana.

"Ke ba ki san amsar ba?"

"Na sani, Hajiya."

"To ɗaga hannu mana!"

Yarinyar ta dube ta da mamaki. "Ai mu nan saurare ne namu. Mushe, malaminmu, ba ya juyowa."

Da aka tashi ta tare Abdul'aziz a gindin dogon yaro.

"Wa ya koya maka juya wa rabin aji baya?"

Ya washe baki, a zatonsa gwada shi take. "Ke mana, Madam! Duk 'yan ajinmu haka muke tsayawa. Mutari ma a Gaffati haka, Wasila haka. Mun ce tun da ke kike yi, akwai hikima a ciki."

"Innalillahi!" Ta dafa bishiyar. Garuruwa suka riƙa zuwa mata a rai, duk inda ta taɓa tura malami tana alfahari, da yaran da ta yi ta roƙon iyayensu har da hawaye aka sako mata su.

Ta juya za ta koma ajin. Ta taga ta hangi wata sabuwar malama da aka turo wa Abdul'aziz, ita kaɗai gaban tablo tana gwada darasin gobe ga bencuna. Malamar ta gyara murya, ta karkata dama, ta bai wa ƙofa kafaɗa.