Maratayin Gurmin Malam Ya'u

Ina zaune a rumfata a Kwanar Dangora da hantsin ranar Talata, ina ɗinkin kuben wuƙa, sai wani direban bas da ke zirga-zirga tsakaninmu da Yako ya leƙo ya yi sallama. Ya ce, "Malam Isiyaku, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Ya'u Mai Gurmi rasuwa bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye basilla, na rufe rumfa, na bi shi. Allah ya sa na samu jana'iza.

A wurin zaman makoki na ga abin da ya tayar mini da hankali. Kowa ya buɗe baki sai ya ce marigayi manomi ne, mai zumunci ne, amma ba wanda ya ambaci gurmi, kamar an yi wa jama'a gargaɗi. Wanda ya taɓo maganar ma cewa ya yi, "Allah ya yafe masa kiɗan da ya yi." Da yamma babban ɗansa Auwalu ya ja ni gefe ya ce, "Baba, mun yi shawara. Bayan addu'ar bakwai za mu fasa gurmin nan. An ce mana barinsa a gida ƙarin nauyi ne a kansa." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na danne don darajar ranar. Ni baduku ne, ba malami ba, kuma ba zan tsoma baki a hukuncin da ba nawa ba. Sai dai abin da idona ya gani zan faɗa, ko da wa zai ji haushi.

Na fi shekara talatin da sanin Malam Ya'u. Ya yi wa 'yan kokawa kiɗa tun daga Bebeji har Doguwa, ya yi wa manoma da masu biki. Ban taɓa jin ya yi wa mutum zambo ba. An taɓa roƙonsa a gabana ya saka wani mai unguwa a waƙa don a ci masa mutunci, ya ce, "Gurmi ba ya zagi, mai shi ne ke zagi, ni kuwa ban iya ba." Da zarar an ɗaga kiran salla yakan dafe tsirkiya da tafin hannu, ko da ana tsakiyar kokawa, ko da 'yan kallo za su yi ta gunaguni. Ga shi da tsokana. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum sai Sarkin Dukawa, alhali ko unguwarmu ban mallaka ba.

Shekara huɗu da suka wuce ya faɗi a gona da damina, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi jinya, Allah ya ba shi sauƙi, ya miƙe yana jan ƙafa. Yatsun hagun suka dawo suna motsi kaɗan, suna iya danna tsirkiya, amma hannun ba ya ɗaukar nauyi. Shi kuwa tun yana saurayi bai taɓa rataya gurmi ba. Da hagu yake riƙe sandar, ya danne ƙoƙon a ƙirji, yana kiɗa yana zagaya fili. Mutane suka yi ta zuwa dubiya suna ce masa ai wannan ishara ce, ya ajiye ya huta. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Hannun da aka ajiye shi ne ke mutuwa."

Wata ranar kasuwa sai ga shi a bayan mashin, gurmin naɗe cikin zani. Ya ce, "Sarkin Dukawa, maratayi nake so. Ka sa kafaɗa ta ɗauki abin da hannu ya kasa." Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ya je ya gaisa da mutane ya dawo. A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na saba sa wa jaka da kube maratayi, duk abin da za a rataya hudawa nake yi in zura fata. Sai na kafa basilla a gefen ƙoƙon na murza. Na ji ƙas, tsaga ta tafi har gindi. Garin neman gira na rasa ido. Ƙoƙon nan ya girmi Auwalu.

Da Malam Ya'u ya dawo ya karɓa, ya taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya fito a shaƙe. Na shirya jin faɗa, don na cancanta. Ya daɗe yana shafa tsagar, sannan ya ce, "Wannan ba jaka ba ce, Sarkin Dukawa. Abin da ke magana ba a huda masa ciki." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ni na fasa ba. Yau ni ke tona wa kaina asiri.

Na ɗauka shi ke nan, zai ce wannan ma wata ishara ce. Ina! Sati biyu yana bin rugagen Fulani da ƙafar nan tasa yana ƙwanƙwasa ƙoƙuna, har ya samu wanda ya yi masa. Shi ya rufe shi da fata da kansa, yana ja da haƙori inda hannu ya gaza. Ya sake dawowa wurina, ni ɗin da na yi ɓarnar. Wannan karon ya zauna a gabana yana nuna mini. Bakin maratayi ɗaya a ɗaure shi a wutsiyar sandar da ta leƙo ta gindin ƙoƙo. Ɗaya bakin a kai shi can saman sanda, sama da inda aka ɗaure tsirkiyoyi, don in ya taɓa ɗaurin zai ja shi murya ta sauya. Ƙoƙo kuwa ko ƙwarzane kada a yi masa.

Duk da haka sau uku muna warwarewa. Kafaɗar hagu ta sauka, maratayi yana zamewa. Muka mayar da shi kafaɗar dama, na faɗaɗa shi na cusa auduga, na ƙara siririyar igiyar fata da ke zagaya ƙugu ta riƙe gurmin a ƙirji kamar goyo. Ya miƙe tsaye a cikin rumfata, ya saki hannu, gurmin ya tsaya. Ya ɗora yatsun nan marasa ƙarfi ya kaɗa. Wallahi hawaye na yi, ban ɓoye ba, shi kuwa dariya yake yi mini.

Da kakar shekarar ya shiga filin kokawa a ƙasar Kiru, yana jan ƙafa yana kiɗa. Kiɗan bai kai na da sauri ba, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Amma ya ci gaba da ciyar da gidansa da guminsa har ƙarshen ransa, bai zauna a ƙofar gida yana jiran a kawo masa ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, na ce wa Auwalu ya kawo mini gurmin. Ya kawo. Mahaifiyarsa Inna Rakiya tana daga cikin zaure tana jinmu. Na zaro wuƙar aikina na miƙa masa a gaban mutane. Na ce, "Gadonku ne, ba ni da iko a kansa. Amma maratayin nan ɗinkina ne, ba za a fasa shi tare da ƙoƙo ba. Yanke mini kayana da hannunka, sannan ka yi abin da za ka yi." Ya karɓi wuƙar, ya juya maratayin yana neman inda zai yanka. Fatar ta yi baƙi da gumin ubansa, audugar ta lotsa daidai ƙashin kafaɗarsa. Ya tsaya yana kallo. Sai Inna Rakiya ta ce, "Auwalu, da wannan aka raine ka. Miƙo mini abin mijina." Ya mayar mini da wuƙata, ya kai mata gurmin da hannu biyu.

Na san har yanzu akwai masu cewa na yi shisshigi, har da masu cewa da ban ɗinka maratayin ba da ya bar kiɗa tun tuni. To su ji da kyau. Ni na ɗinka, kuma in aka tambaye ni ranar gobe ƙiyama zan ce ni ne. Da zai dawo yau ya ce in sake, da basillata zan tarye shi.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Ya'u. Ka yafe masa kurakuransa na fili da na ɓoye, kamar yadda ya yafe mini nawa ban ko roƙa ba. Ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Rakiya haƙuri da juriya, ka yi wa Auwalu da ƙannensa albarka, ka sa su riƙa faɗin sunan ubansu cikakke ba tare da sunkuyar da kai ba. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.