Afrizal Sau-Ɗaya da Takardar Dangi

Tun Afrizal yana shekararsa ta biyu a jami'a 'yan unguwarmu a Padang suka laƙaba masa Sau-Ɗaya, kuma shi ya jawo wa kansa. Ya shiga sashen kwamfuta kamar kowa, jaka a baya, gashi sharkaf da mai, sai aka yi rashin sa'a wani malami ya koya musu yadda ake tsara rumbun bayanai. Malamin ya ce ƙa'idar farko ita ce kada a rubuta abu ɗaya a wuri biyu, domin duk ranar da aka gyara ɗaya aka manta da ɗayan, rumbun ya fara ƙarya ke nan. Ɗalibai tamanin suka ji, suka rubuta a jarrabawa, suka manta. Afrizal shi kaɗai ya riƙe maganar kamar wasiyya.

Daga ranar gida bai sake samun sakat ba. Idan mahaifiyarsa Yusnimar ta ƙwala masa kira sau biyu, sai ya leƙo ya ce, "Amak, ai na ji na farkon, na biyun ɓarnar murya ce." Katin auren 'yar maƙwabta ya zo da sunan amarya a bango da kuma a ciki, ya zagaye na cikin da jan biro ya mayar musu. Liman ma bai tsira ba, don an taɓa jin Afrizal bayan Juma'a yana lissafa sau nawa aka maimaita jan kunne ɗaya a huɗuba. Mutum ne mai kai, wannan ba a musu, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne mahaifinsa, Bahtiyar mai tsire. Shi kuma Allah ya yi shi da son komai biyu. Makullin babur biyu, mafici biyu na hura gawayi, hular kwano biyu, sunansa ma a ɓangare biyu na kurar tsirensa ya sa aka rubuta. Duk lokacin da Afrizal ya fara masa wa'azi, sai ya ci gaba da juya tsinke yana cewa, "To, Malam, na ji. Miƙo mini miyar can." Bahtiyar ba mai jayayya ba ne, kuma ba a gidan da zai yi jayayya yake ba. A wajenmu gida na mata ne, gonar shinkafa ta mata ce, ɗa kuma na dangin uwarsa ne. Miji baƙo ne, ko da ya shekara talatin yana toshe yoyon rufin. Mai magana a kan Afrizal shi ne yayan mahaifiyarsa, Kawu Darwis, wanda ke riƙe da sarautar dangi, kuma bai taɓa sanin ko nawa ake sayar da littafi ba.

Shekara huɗu ake yi a gama. Abokan Afrizal suka haɗa 'yan manhajojinsu na shagon gyaran babur da na wanki da guga, cike da kwamacala, suka sa rigar yaye suka tafi. Shi kuwa duk aikin kammalawar da ya fara, sai ya kai rabi ya hango wani bayani ya zauna a wuri biyu, ya rushe ya koma tushe. Shekara ta biyar ta wuce, ta shida ta bi ta. A ta bakwai jami'a ta aiko da takarda mai hatimi: wannan zangon ne na ƙarshe, ko ya kare aikinsa a gaban malamai ya ci, ko a cire sunansa ya fita hannu rabbana.

Kawu Darwis ne ya kawo mafita, ba don tausayi ba, don yana son a gan shi a allo. Akwai takardar dangi a hannunsa, doguwa kamar tabarma, wadda ke nuna wace ta haifi wace har kaka takwas, kuma da ita ake sanin masu haƙƙi a gonaki. Ya ce Afrizal ya zuba ta a kwamfuta. Ya ara masa ita, yana zuwa duk Asabar ya duba ko an zuba mata shayi.

Wata uku Afrizal ya yi yana shigar da sunaye, mutum ɗari shida da sha biyu. Ya yi jadawali ɗaya na mutane, kowa da lambarsa, kowa ɗaure da lambar uwarsa. Ya kafa doka a ciki cewa idan aka goge uwa, 'ya'yanta su bi ta, da jikoki, da tattaɓa kunne, domin a ganinsa mutumin da ba shi da uwa a rumbu ba shi da dalilin zama. Gurbin uba kuwa bai ma zo masa a rai ba. Sai da malamin da ke duba aikinsa ya matsa, sannan ya yi wani ɗan jadawali a gefe ya sa masa suna Baƙi, ya jera mazan da suka auro cikin dangi, ba a ɗaure su da kowa ba.

Wata rana da hantsi Bahtiyar ya tsaya a bayansa, hannunsa duk kurkum, yana kallon sunaye suna gangarowa.

"Ga Amak ɗinka nan. Ga ka. To ni ina nake?"

"Kana wani jadawalin, Abak."

"Wane?"

"Na baƙi."

Bahtiyar ya ce, "To, ba laifi. An dai rubuta sunan daidai ko?" Washegari ya dawo daga kasuwa da 'yar filas ta kwamfuta a leda, ya ce wani mai sayen tsire ya gaya masa ana zuba aiki a ciki saboda tsaro. Afrizal ya juya ta a hannu kamar an ba shi mataccen ƙwaro, ya ce, "Abak, kwafi ai shi ne uban maimaici." Bahtiyar ya mayar da abarsa aljihu. Har 'yar tambayar nan da kwamfuta kan yi kafin ta goge abu, wai ka tabbata, Afrizal ya cire ta daga manhajarsa, ya ce mai hankali ba a tambayarsa sau biyu.

Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni. A saman takardar, kakar kakanni Ramalah ta fito sau biyu. Tun zamanin da 'ya'yanta mata biyu suka yi faɗa a kan gonar bakin rafi, dangi ya rabu Gidan Tudu da Gidan Rafi, kowane ya rubuta ta a saman nasa ɓangaren don kada a ce yana ƙarƙashin wani. Su Afrizal 'yan Gidan Tudu ne.

"Kawu, mace ɗaya ce fa," in ji shi.

"A kabari ɗaya ce. A takarda biyu ce, kuma haka na gada. Ka taɓa ta, ni da kai ne."

Ya shigar da Ramalah biyu yana cije haƙori. Duk lokacin da ya buɗe jadawalin sai ya yi saurin gangarawa ƙasa don kada idonsa ya sauka a kansu.

Ranar kare aiki, ƙarfe goma na safe, Bahtiyar ya kai shi a babur, Afrizal sanye da farar rigar da uban ya goge masa da asuba. Kawu Darwis ya iso a motar haya cikin baƙaƙen kayan sarauta masu bakin zinariya, ya ce shi ne mai takarda, dole ya shiga. Aka ba shi kujera a gaba. Bahtiyar babu wanda ya ce masa shigo, shi ma bai tambaya ba. Ya zauna a kan baburinsa a inuwar bishiya, tare da sauran iyaye, riƙe da furannin roba da aka saba miƙa wa wanda ya ci.

Malamai uku ne a tebur, kuma babu wanda Afrizal bai taɓa gyara wa takardar kiran suna ba a shekara bakwai. Shugabarsu Dakta Siregar ce, 'yar arewacin tsibirinmu, inda su uba ake bi har a rasa inda za a sa uwa. Rabin awa na farko Afrizal ya haskaka. Ya danna sunan Kawu, majigi ya zana shi har zuwa Ramalah, Kawu ya gyara zama yana murmushi. Ya buɗe shafin gonaki, ga kowace gona da masu haƙƙi a cikinta.

"Ina gurbin uba?" in ji Dakta Siregar.

"Ba a buƙatarsa, Malama."

"A garinmu da ka faɗi haka, da yanzu ana neman maka mai magani. To, mu wuce. Hau sama. Ƙara hawa. Tsaya nan." Ta cire tabarau ta nuna allo da shi. "Ramalah, ga kuma Ramalah. Afrizal, ba kai ne ka mayar mini da takardata da jan biro ba? Ashe sarkin hana maimaici a kan kakarsa ya ajiye nasa?"

Sauran malaman biyu suka tuntsire da dariyar da suka shekara bakwai suna ajiya. Kunnuwan Afrizal suka yi zafi. Ɗan aji biyu ma ya san abin da ake yi a nan, a fara mayar da 'ya'yan Ramalah ta farko ƙarƙashin ta biyu, sannan a goge wadda ta zauna ita kaɗai. Afrizal ya fi kowa a ɗakin sanin haka. Amma dariyar ta toshe masa kai, abin da kawai yake gani shi ne layi biyu da suka daɗe suna masa gwalo. Kawu ya yi gyaran murya mai ƙarfi.

"Abu ne mai sauƙi, Malama," in ji Afrizal, ya danna.

Manhajar ta yi aikinta yadda aka koya mata, ba ta tambayi kowa ba. Lambar da ke ƙasan allo ta sauka daga ɗari shida da sha biyu zuwa ɗari biyu da tamanin da bakwai.

"Nemo ni," in ji Kawu.

Afrizal ya rubuta Darwis. Babu.

"Nemo uwarka."

Babu. Ya rubuta sunansa da kansa, allon ya nuna masa fari fes. Ramalah ta Gidan Tudu ya goge, ta kwashe kaka takwas ta tafi da su. Shafin gonaki kuma, da yake an gina shi da kyau, nan take ya gyara kansa, ya nuna cewa kowace gona, har ta bakin rafi, ta Gidan Rafi ce.

Kawu ya miƙe har hularsa ta karkace. "Shekara ɗari da wani abu muna riƙe da gonar nan, sun kai mu gaban dattawa sau uku ba su samu ba, kai ka ba su ita da yatsa ɗaya! Ɗan ƙanwata! Da wannan aka ce ka je ka karanto?"

"Zauna, Yallaɓai, a kwamfuta ne kawai," in ji Dakta Siregar. Yanzu ba ta dariya. "Afrizal, ba komai, kuskure ne. Dawo da su daga kwafi mu ci gaba."

Afrizal ya kalli tebur.

"Kana da kwafi dai ko?"

"Babu, Malama."

"Ko ɗaya?"

Ya girgiza kai. Ta mayar da tabaranta, ta ce cikin sanyin murya, kamar mai neman masa hanya, "To nuna mana ko mutum ɗaya daga gidanku da ya rage, mu ga ko akwai abin kamawa." Ya duba nan, ya duba can. A ƙarshe ya buɗe ɗan jadawalin nan na gefe, wanda ya yi don a rabu da shi. Ga su nan, mazan da aka auro, ko ɗaya bai motsa ba. Layi na sha tara, Bahtiyar, mai tsire, an rubuta sunan daidai.

Ba su daɗe suna shawara ba. Dakta Siregar ta ce tsarin yana da kyau, ta daɗe ba ta ga mai tsafta irinsa ba, amma ba za ta sa hannu a kan rumbun da ke haɗiye mutum ɗari uku ba tare da ya ce uffan ba, kuma babu inda za a nemo su a kwamfuta. Ta ce da akwai wani zango da ta ce ya dawo. Kowa a ɗakin ya san babu.

Kawu ya riga shi fita. Afrizal ya hango motar hayar tana barin harabar jami'a, ko waiwaye babu. A ƙarƙashin bishiyoyi ana ta ihu ana ɗaukar hoto da waɗanda suka ci. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya so a ce akwai wata ƙofar da zai bi. Bahtiyar ya riga ya gan shi. Ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya sunkuya ya cusa furannin roba a ƙarƙashin kujerar babur, inda 'yar filas ɗin nan take kwance a ledarta.

"Yaya?"

"Na goge su, Abak. Amak, Kawu, ni kaina, duk Gidan Tudu. Kai kaɗai ka rage."

Bahtiyar ya jinjina kai, kamar an gaya masa farashin gawayi.

"To ai ni dama ba ku ɗaure ni da kowa ba," in ji shi. Ya kwance hular kwano ta biyu ya miƙa masa. "Sa wannan. Hau mu tafi gida, ka riƙe ni da kyau."