Ranar da Zipporah Ta Ƙi Shiga Fili

A Vinikilang, a ƙetaren gada daga Jimeta, akwai wata dattijuwa mai noman gyaɗa da ake kira Mama Zipporah. Mutuniyar kirki ce, amma maƙwabta sun san ba a ɗaga mata waya da sunan ɗaukar hoto.

Ba a nan aka haife ta ba. 'Yar wani ƙauye ce a gindin duwatsun Michika, inda samari da 'yan mata kan taru a fili da la'asar in an gama girbin dawa. A zamaninta babu yarinyar da ta kai ta rawa. Takan ɗaura akayau a ƙafa, tun kafin ta iso an ji ƙararsa an buɗe mata hanya. Waƙar da ta fi so ta tsokana ce, da yarensu: wani saurayi ya je Mubi ya sayo wa budurwarsa kallabi, ya rataye a danga yana gaishe da surukai, akuyar gidan ta cinye. 'Yan mata na rerawa, samari na amsawa da kukan akuya. Abednego, wanda ya aure ta daga baya, ya fi kowa iya kukan nan.

A daminar 2014 'yan bindiga suka shigo ƙauyen. Abednego na fama da ciwon ƙafa, ya ce ta wuce da jikoki, zai biyo baya. Bai biyo ba. Ita ta iso Yola, rabi a ƙasa rabi a bayan motar kaya, aka sauke su a sansanin 'yan gudun hijira.

Wata safiya ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji, wata budurwa mai suna Debbie, ta tara matan sansanin. Ta ce manyan baƙi za su zo, ana so a yi musu rawar gargajiya.

"An ce ke ce gwana, Mama," in ji Debbie. "Amma kada ku sa sababbin zannuwan da coci ta raba. Ku sa tsofaffi, ku cire takalma. Kuma kada a yi dariya da yawa, baƙin su ga kuna cikin buƙata."

Zipporah ta dube ta daga sama har ƙasa.

"'Yata, mijina ko kabarinsa ban gani ba. Ke ce za ki koya mini yadda ake zama abin tausayi?"

"Ba ni na tsara ba, Mama. Daga ofis aka ce."

"To ofis ya zo ya taka."

Ta koma tantinta ta zauna. Sauran matan suka fita, domin suna tsoron kada a hana 'ya'yansu abinci, kuma har yau Zipporah ba ta ga laifinsu ba. Tana daga ciki tana jin waƙar akuya ana jan ta a hankali kamar a gidan makoki, babu namiji ko ɗaya da zai amsa. Ba a kai rabi ba baƙin suka tafa, suka shiga motocinsu.

Da aka rufe sansanin ba ta koma gida ba. Wata Bafulatana mai suna Asta ta ba ta ɗaki da gefen gona a Vinikilang, suka zama kamar ya da ƙanwa, har Zipporah na kiranta Adda. Shekaru suka wuce, sai ran nan Asta ta shigo da waya a hannu.

"Zipporah, wannan ba yarenku ba ne?"

Bidiyon neman taimako ne na ƙungiyar agajin nan. Yara na kuka, ƙudaje a fuskarsu, ga waƙar akuya tana tashi a ƙarƙashi. Nuruddeen, ɗan Asta, ya karanta musu rubutun Turancin: wai waƙar makoki ce da matan yankin ke yi wa mazajensu da aka kashe.

Zipporah ta miƙe tsaye.

"Makoki? Adda, akuya ce ta ci kallabi. A waƙar nan na sami miji. 'Yan bindiga sun ƙona mana gidaje mun yi shiru, yanzu waɗannan kuma sun zo sun mai da dariyarmu kuka. Wa suka tambaya?"

Washegari ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta hau keke-napep ta haye gada zuwa Jimeta, ta nemi ofishin ƙungiyar. Ta tarar ana sayar da labule a wurin. Mai shagon ya ce sun daɗe da tashi, bai san inda suka nufa ba. Duk da haka sai da ta tsaya ta zayyana masa labarin tun daga farko, shi da masu cinikinsa, ba wanda ya iya katse ta.

Bara aka yi bikin Nuruddeen. Asta ta yi ta roƙonta har ta yarda za ta taka, bisa sharaɗin kowa ya sa wayarsa a aljihu. Ta shiga fili, gwiwa na ciwo amma kafaɗa na nan yadda take, mata suka fara guɗa. Sai ta hango wani abokin ango ya laɓe bayan kujeru yana ɗauka. Ta tsaya cak, ta ɗauki takalmanta ta wuce ɗaki.

Da yamma Asta ta kai mata shinkafar biki. Zipporah ta ci kaɗan, ta ture kwanon.

"Ki gaya wa ɗanki, yaron nan ya goge a gabana. In ba haka ba, kada amaryar ta zo gaishe ni."

Nuruddeen ya je har unguwar Alkalawa a Jimeta ya taho da abokin nasa, aka goge a gabanta. Amarya ta zo gaisuwa da safe, Zipporah ta cika mata ƙwarya da gyaɗa.