Ƙullin Zare a Wayoyin Yaya

Yayana ba ya bambance ja da kore, kuma ruwan ƙasa ma a wurinsa ɗan gidansu ne. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana ɓoye wannan abu, ya kuma sakankance babu mahaluƙin da ya sani. Mu kuwa kowa ya sani. Mahaifiyarmu ta gano tun yana ɗan shekara bakwai, ranar da ta aike shi lambu tsinko nunannen tumatir ya dawo da kwando cike da ɗanye yana washe baki. Ba ta ce masa uffan ba. Ta mayar da shi ban ruwa, mu kuma ta ja mu gefe ta ce duk wanda ya kuskura ya tsokane shi da wannan magana zai gamu da ita.

Haka ya tashi da girman kansa cikakke, babu ko tsaga. Tufafinsa fari ne ko shuɗi, ya ce sauran na masu son a gan su ne. Da ya yi aure, kwana uku da tarewa na ja matarsa kicin zan yi mata bayani, sai ta ce in bar wahalar da kaina, ta gane tun ranar da ya yaba mata koren mayafi alhali ja ta yafa. Ita ma ta shiga sahunmu ta ja bakinta.

Sana'arsa ƙaramar tarakta, irin wadda ba ta fi keken ɗaukar kaya tsawo ba. Da ita yake yi wa mutane huɗa a ƙananan gonaki, da ita yake jan tirelar yashi da taki. Shi ne direba, shi ne bakanike, shi ne mai wayarin. Ko kusa ba ya bari wani ya leƙa cikinta, mutane suna ɗauka kishin sana'a ne.

To ni kuma ina da tawa cutar: ba na iya ganin datti in zauna. Ranar da abin ya faru na je gidan da hantsi, na tarar Yaya ya fita sayo sabon suwici, domin tsohon ya lalace har makulli na juyawa a cikinsa kamar cokali a kofi. Matarsa ta leƙa maƙwabta. Taraktar na rumfa, an zare tsohon suwicin, wayoyi huɗu na lilo ƙarƙashin sitiyari. Na share rumfar, na goge kujerar, sannan idona ya faɗa kan wasu zarurruka da suka yi baƙi ƙirin da man inji, a ɗaure jikin uku daga cikin wayoyin. Wani ƙulli ɗaya, wani biyu, wani uku. Na ce oh, maza da ƙazanta! Na ɗauko almakashi na datse su tas, har ina jin daɗin kaina.

Matar Yaya na shigowa ta ga zaren a cikin shara, ta dafe ƙirji.

“Ke! Kin kashe mu. Idonsa ne fa kika yanke!”

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ƙulli ɗaya ja ce, biyu kore, uku ruwan ƙasa. Rawaya yana ganinta, shi ya sa bai ɗaura mata komai ba. Muka rarumo zaren za mu mayar, sai ga sallamarsa a ƙofa. Kuma ba shi kaɗai ba, har da Hedimasta, maƙwabcinsa da ya yi ritaya, mutumin da ko takardar jikin sabulu ya samu sai ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Tuni ya ƙwace takardar da ta zo cikin kwalin suwicin.

Yaya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe a sunkuye.

“Wa ya taɓa mini mota?”

“Ni ce, Yaya. Na ɗan goge ta ne.”

“Sannu da aiki,” ya ce, da wata murya da na gwammace a ce zagina ya yi.

Da shi kaɗai ne, da ɗan ƙwan gwaji zai sa ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, minti goma ya gama. Amma yana miƙa hannu zai ɗauko ƙwan, Hedimasta ya gyara tabarau ya kafa ƙafa.

“Wane irin gwaji kuma, ga shi a rubuce? Ja a ƙafar suwicin da aka rubuta batir. Kore a ta fitila. Ruwan ƙasa a ta sitata mai tayar da inji. Rawaya a ta hita mai ɗumama shi. Ai ko makaho ya haɗa wannan.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya cire kan batir, ya kwanta rigingine ya cusa kansa ƙarƙashin sitiyari, ya miƙo mini tocila ya ce in haska. Wato ni kaɗai ke ganin abin da yake yi, kuma ni ce ba ni da bakin magana. Ya ɗaura rawaya a wurinta da gadara. Sannan ya kama kore ya nufi ƙafar batir da ita. Na yi tari. Na karkata hasken kan ja, na riƙa kaɗa shi.

“Ki riƙe fitila da kyau mana, hannunki sai rawa yake yi.”

“Ki sha ruwa, Hajiya,” in ji Hedimasta, “tarin nan naki ba na wasa ba ne.”

Aka mayar da kan batir, Yaya ya hau kujera ya murɗa makulli har ƙarshe. Injin ko gyaran murya bai yi ba. Fitilun gaba ne kawai suka buɗe ido suna kallonmu da rana tsaka.

“Sabon abu ne, sai ya saba,” in ji Yaya, ya sake kwanciya.

Karo na biyu ya dace da ja, na yi hamdala a zuci, sai ya musanya sauran biyun. Yana taɓa makullin, tun bai kai ko'ina ba, sitata ta ƙwalla ƙara ta ƙi saki. Taraktar ta girgiza, kaji suka watse, Hedimasta ya yi tsalle da baya ya luma ƙafa cikin kwanon ruwansu. Yaya ya kashe da sauri. Na so in yi dariya, amma da na ga gumin da ke bin wuyansa sai ta maƙale.

Hedimasta ya zare ƙafarsa yana yarfewa, ya yanke hukunci.

“Jabu ne! An sayar maka da jabu. Takarda ba ta ƙarya, kai kuma ba yau ka fara ba. Bari in je in taso mai shagon nan ya zo ya ga abin kunyarsa, kuma duk mai mota a layin nan sai ya ji.”

“Malam, dakata tukuna...” in ji Yaya.

Ina! Ya fice, takalmi ɗaya na tsiyayar ruwa. Mai shagon nan kuwa bawan Allah ne da bai fi wata biyu da buɗewa ba, kuma Yaya da bakinsa ya sha yabon gaskiyarsa.

Yaya ya zauna a kan tayar gaba yana juya sukudireba a hannu. Yayana yana da taurin kai, yana da faɗin rai, amma ban taɓa ganin ya kwanta a kan haƙƙin wani ba. Can ya ɗago, bai kalli kowa ba.

“Maman yara, zo nan. Ke ma matso. Kayan mutumin nan lafiyarsu ƙalau.” Ya ajiye sukudireban. “Ni ne ba na ganin kala. Ja da kore duk ɗaya ne a wurina. Tun ina yaro.”

Na buɗe baki zan ce ai mun sani, don in sauƙaƙa masa, sai na ji an take mini ƙafa da ƙarfi. Matar Yaya ta riƙe haɓa, ta zaro ido iya zarowa.

“Kai, Baban yara! Da gaske? Tun yaushe? Shekara talatin da ɗaya muna tare!”

Ban taɓa ganin wasan kwaikwayo maras kyau irin wannan ba. Amma Yaya ya dube ta, kafaɗunsa da suka zube suka ɗan taso, har wani guntun murmushi ya ɓullo.

“To kin gani. Ko mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta gane ba.”

“Lallai ka iya ɓoye abu,” ta ce.

Ya sake cire kan batir, ya kwanta, ya ware wayoyin nan biyu tsakanin yatsunsa ya ɗago su cikin hasken tocila.

“Yi sauri kafin su iso. Wacce ce kore?”

Ta durƙusa a gefensa cikin man inji da zanenta mai kyau, ta kama yatsansa ta ɗora a kai. Ni kuma wannan karon na tsayar da hasken cak a kan hannayensu.