Geron da Na Tuge a Bakin Iyaka

Shekaru sun ja, abubuwa da dama sun zube mini daga ka, amma yinin da aka yi mini tambayoyin shiga jami'a a ƙarƙashin rumfar 'yan kwastan ta Jibiya yana nan daram, kuma na san da shi zan koma ga Mahaliccina.

Wajen ƙarshen shekarun hamsin ne, ana ta maganar mulkin kai. Na gama digirin farko kan aikin gona a Kudu, aka turo ni gida a matsayin malamin gona. Aikina yawo a kan keke tsakanin Magama da Kusa da Bugaje, amma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da ke kashe gero. Damina bayan damina ina tsugune ina tonon gindin gero ina duba saiwa, har manoma suka laƙaba mini Malam Gafiya. Ban damu ba. Ni dai so nake in san yadda wannan tsiya ke cin gonar talaka, kuma na kai iyakar abin da ido da wuƙar aljihu za su iya nuna mini.

Shi ya sa na nemi gurbin karatun bincike a wata babbar jami'a a Ingila, irin wadda ko 'ya'yan Turawan sai sun yi da gaske kafin su shiga. Gurbi ɗaya tak aka ware wa ƙasashenmu na yammacin Afirka. Aka aiko mini cewa shehun malamin da ke zaɓen yana rangadi a maƙwabciyar ƙasarmu da Faransi ke mulka, zai shigo ta Maraɗi, kuma zai gan ni a bakin iyaka lokacin da ake duba masa takardu, don ba zai tsaya Katsina ba. Abin da ya gani a wannan ɗan zaman shi zai yanke hukunci a kai.

Na gaya wa Baffa, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun ina maraya. To, a wurinmu mutum ba ya zuwa neman babban abu da bakinsa. Aure ne ko sarauta, manya ke shige masa gaba. Baffa kuwa bai ga dalilin da karatu zai fita daban ba. Na fara yi masa bayanin cewa su Turawa ba haka suke yi ba, ya yi mini kallo ɗaya, na haɗiye sauran maganar.

Ranar, bayan azahar, motar Baturen ta tsallako daga wajen 'yan duwan, wato 'yan kwastan na Faransi, ta tsaya a gaban sandar da ke tare hanya. Dattijo ne dogo, rana ta gasa masa fuska. Ya fito yana neman ɗalibi ɗaya, sai ya tarar da tabarmi cike da dattawan unguwarmu cikin manyan riguna, ga rago a ɗaure jikin rumfa, ga ƙwaryar ƙwai. Baffa ya yi jawabi mai tsawo, akawun kwastan yana fassarawa: ga ɗanmu nan, yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga ido ya kalli babba, ba a taɓa jin ya mayar wa kowa magana ba. Ina durƙushe a gefe, takalmana a waje, ina jin ana yi mini talla da abin da zai kayar da ni.

Baturen ya nuna mini kujera. Ta yaya zan hau kujera Baffa yana kan tabarma? Na zauna a ƙasa. Ya tambaye ni aikin da na yi, na ce ai ba wani aiki ba ne, shugabannina ne suka ɗora ni a hanya. Akawu yana juya wa dattawa kowace kalma, suna gyaɗa kai don jin daɗi. Can sai Baturen ya gyara zama ya ce, a ganinsa ƙuduji ciyawa ce kamar kowace ciyawa, ba ta cutar da gero sai ta fito sama ta yi fure, saboda haka in manomi ya cire ta a lokacin, an gama. Ya tambaye ni ko na yarda.

Ni kuwa na san ba haka ba ne. Da hannuna na tono ta ba sau ɗaya ba, na gan ta manne da saiwar gero tana tsotso tun ba ta leƙo duniya ba. Kafin a ga furenta ta gama ɓarna. Amma baƙo ne, dattijo ne, ga Baffa a bayana. Na ji bakina ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya rufe littafinsa. Cikin mutunci ya ce ya gode, amma shi mutumin da yake nema shi ne wanda zai iya gaya masa in ya yi kuskure. Wannan kam akawu bai fassara ba. Baturen ya tashi ya shiga ofis don a buga masa hatimi.

Ban taɓa jin haushi irin na wannan lokaci ba. Ba haushin Baturen ba, ba na Baffa ba. Haushin cewa abin da na sani, na sha rana a kansa, zai tafi a banza ina ji ina gani. Na ce a raina wallahi motar nan ba za ta wuce sandar nan ba sai ya ji ta bakina. Na ja gwiwa zuwa gaban Baffa.

"Mi ya hwaru?" in ji shi. "Na ga baƙo ya ruhe littahi."

"Baffa, abin da ya hwaɗi kan ƙuduji ba haka ba ne. In ban hwaɗa mishi ba, karatun ga ya wuce ni."

"Kai za ka ƙaryata baƙo, dattijo, gaban idona?"

"Izini nika biɗa, Baffa."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ba zai taɓa iya cewa e ba, kuma na sani. Sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce wa dattawa su tashi su tafi rijiya su yi alwala tun da wuri, kada la'asar ta riske su. La'asar kuwa da sauranta, kuma ga butocinsu nan cike da ruwa a gefen tabarma. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi shi, suka bar ni da rago.

Ban ko tsaya sa takalmi ba. Na ruga gonar da ke bayan rumfar, wadda ta Baffa ce, na zaɓi gindin geron da ya yi rawaya alhali babu ko ƙuduji ɗaya a kusa da shi, na tone shi na tuge. Baturen yana fitowa da takardunsa na tare shi a bakin mota. Na zuba ruwan buta na wanke saiwar a gabansa, na nuna masa fararen 'yan tsiron da ke maƙale da ita. Na dube shi ido cikin ido na ce abin da ya faɗa kuskure ne, ga shaida.

Ya tsuguna nan kan turɓaya ya fito da gilashin dubawa. Ya ce ya sani, da gangan ya faɗi abin da ya faɗa, haka suke gwada kowa. Daga nan muka shiga gardama ta gaske, yana ja ina ja, direbansa yana ta duba agogo. Da zai tafi ya gaya mini gaskiya: ya riga ya ga wasu da suka fi ni shiri, kada in sa rai da yawa. Ragon ma bai karɓa ba.

Bayan kaka amsa ta zo. Ba a ɗauke ni ba, wani daga wata ƙasa ya samu. An dai ce ƙofa a buɗe take in sake nema, in kuma rubuta abin da na gano da sunana. Na ji ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na kai wa Baffa labari ina jiran ya ce ga abin da ja da manya ke jawowa. Yana sussukar gero bai ko ɗago ba, ya ce, "Gonar bakin iyaka, baɗi taka ce. Tuge ta duka in shi ne za ya kai ka."

Manomi ne ya faɗi haka, mutumin da ko zangarniya ɗaya ya gani a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka. Na tuge ta kuwa, gindi bayan gindi, damina guda cur, na rubuta, na aika. Wannan karon aka ɗauke ni.

Abin da na koya shi ne, ladabi bai ce ka binne abin da ka sani ba, kuma faɗin gaskiya bai ce ka tozarta wanda ya rene ka ba. Akwai hanya a tsakani, sai dai ba ta buɗewa sai ka yi ƙarfin halin tambaya. Daga baya ni ma na zauna a kujerar masu zaɓen ɗalibai shekara da shekaru. Duk yaron da ya sunkuyar da kai ya ce mini "haka ne" a kan abin da na ga alamar ya san ba haka ba ne, ban taɓa sallamarsa nan take ba. Nakan ba shi ruwa ya sha, in ce a bar mu mu biyu, sannan in sake tambayarsa.