Baƙon da Bai Ci Gurasa Ba

A daminar da soja suka koma bariki, bayan sun daɗe har yaranmu sun ɗauka haka duniya take, aka yi wani taro na kwana uku a Kano. Malaman makaranta ne da 'yan jarida daga sassan ƙasar nan, suka zo tattauna yadda za a koya wa ɗalibai abin da ake nufi da zaɓe. Ni lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare, ina zaune a Goron Dutse. Ba a gayyace ni don in yi jawabi ba. An sa ni a kwamitin abinci ne kawai, saboda an ce na san gari.

Tsarin shi ne, kullum bayan azahar a raba baƙi rukuni-rukuni, kowane ɗan gari ya ɗauki mutum takwas ya kai su cin abinci. Sauran 'yan kwamiti duk suka nufi manyan otal na bayan gari, inda ake shinkafa da kaza da cokali mai yatsu. Ni ma can na yi niyya, sai wata malama daga Kalaba, doguwa mai yawan dariya, ta tare ni a bakin bas ta ce da Turanci ba ta yi tafiyar kwana biyu don ta ci abin da take ci a gida ba. Sauran suka goyi bayanta. Na ce wa direba ya juya cikin birni.

Ranar farko na kai su bakin Kasuwar Kurmi. Muka ratsa ta layin masu dukanci da na masu kayan yaji, sannan muka zauna a benci wajen wani mai gurasa da na sani tun ina ɗalibi. Ya yayyanka musu gurasar don ya haɗa bandashe, ya tsoma a ruwa, ya barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ya zuba mai da albasa, aka kawo tsire mai zafi daga tukubar maƙwabcinsa. Malamar Kalaba tana ci tana share hawaye tana neman ƙari. Gardamar siyasa ta kaure, kowa da ƙarfi, har mai gurasar ya waiga hagu da dama kamar yadda muka saba a zamanin soja, sannan ya tuna an daina, ya yi dariya shi kaɗai.

Mutum ɗaya ne bai ci ba. Wani ɗan jarida ne daga Ibadan, siriri ƙwarai, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ɓalli gurasa kamar ƙwayar gyaɗa, ya juya ta a hannu, ya ajiye. Ruwa kawai ya sha. Na tambaye shi ko a kawo masa wani abu, ya ce a'a, ya gode. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Na ɗauka irin mutanen nan ne masu ƙyamar abincin bakin titi, kuma a gaban mai gurasar ya yi.

Kashegari na kai su Gwammaja, gidan wata Hajiya mai tuwo. Ba ta da allo ko suna a ƙofa. Soro ne babba da tabarmi, 'yan kasuwa da ma'aikata ke cika shi da rana. An yi ruwa da safe, lungun ya yi taɓo, muka bar bas a titi muka shiga muna ɗage ƙafar wando. Hajiya ta haura sittin, gajera ce, ba ta da yawan magana. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar da ke shiga tsakar gida, duk kwanon da zai fito sai ya bi ta gabanta ta duba.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, kabewa ta narke a ciki, man shanu yana yawo a sama. Aka kawo funkaso da alkubus. Baƙi suka wanke hannu, na nuna musu yadda ake yankar loma. Ɗan jaridar ya zauna a ƙarshen tabarma, ya jingina da bango, bai ko miƙa hannu ba.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Sai ta yafito ni.

"Malam, wannan baƙon naka, daga asibiti ya fito ko daga gidan yari?"

Na ce, "Haba Hajiya, ɗan jarida ne fa. Ina ga dai abincinmu ne bai yi masa ba."

"Ba haka ba ne. Dubi yadda yake bin kwanon nan da ido. Yana so, tsoro yake ji. Je ka tambaye shi."

Na rasa yadda zan yi irin wannan tambaya ga mutumin da na sani jiya. Amma Hajiya ba a yi mata musu a soronta. Na matsa kusa da shi, na faɗa masa a hankali abin da ta ce. Ya dube ta, sannan ya ce shekara biyu da wani abu ya yi a tsare saboda wani rubutu, ba a taɓa kai shi kotu ba. Tun da ya fito, duk abin da ke da mai ko barkono in ya ci sai ya kwana yana murƙususu. Ya ce bai so ya faɗa ba don kada ya ɓata wa mutane cin abinci.

Na mayar wa Hajiya. Ba ta yi salati ba, ba ta ce wayyo ba. Ta ce, "Maigidana ma haka ya dawo min daga gidan yari, zamanin siyasar farko. Wata huɗu ina fama da cikinsa. Ce masa ya ba ni rabin awa."

Ta tashi da kanta ta shiga ciki, abin da masu zuwa gidan suka ce ba su saba gani ba, don ta daɗe da barin murhu ga 'ya'yanta mata. Da ta fito tana riƙe da ƙaramin kwanon sha. Kunun gyaɗa ne, amma tsararo, ta tace shi sosai, ba tsamiya, da 'yar shinkafa da ta dahu har ta kusa ɓacewa. Ta ajiye a gabansa, ta ja kujerarta ta zauna.

"Ludayi uku, ya tsaya. In na ce ya ci gaba, ya ci gaba."

Na fassara. Ya sha uku, ya ajiye. Ita kuma ta juya tana tambayar malamar Kalaba, ta bakina, da me suke kaɗa miya a garinsu, don kada idon mutane ya tsaya a kansa. Bayan ɗan lokaci ta ɗaga masa kai, ya ƙara uku. Haka har kwanon ya ƙare. Sannan aka kawo masa tuwo mai laushi, loma huɗu ba ƙari, da miyar ɗanyar kuɓewa wadda ba mai ba yaji, sai gishiri da ɗan daddawa. Ya cinye, ya zauna yana sauraron cikinsa kamar mai jiran a buga ƙofa. Ba abin da ya faru. Ya dubi Hajiya ya ce, "Mama." Hajiya ta ce in gaya masa kada ya sha ruwan sanyi yanzu.

A hanyar komawa na ba shi haƙuri kan abin da na zata. Ya ce ai ya ga fuskata a kasuwa, ya san na ji haushi.

Labari ya bazu a wurin taro. Rana ta uku, rukuni uku suka ce ba za su otal ba, sai Gwammaja. Na aika wa Hajiya tun da safe, na zaci za ta yi murna. Ta aiko cewa mutum goma sha biyu za ta karɓa, don tukunyarta ba ta san gaggawa ba, kuma ba za ta hana masu zuwa kullum abincinsu saboda baƙin kwana ɗaya ba. Sauran in kai su gidan maƙwabciyarta mai ɗan wake, ta riga ta yi mata magana. Haka aka yi, kuma waɗanda suka ci ɗan waken har yau wasunsu na ganin su suka fi mu sa'a.

A ranar, Hajiya ta sa ni na ɗauko takarda da biro. Ta faɗa min dalla-dalla yadda ake kunun, da abin da ɗan jaridar zai ci a sati biyun farko, da lokacin da za a fara ɗiga masa mai. Na rubuta da Turanci don matarsa. Da za mu tafi ta cika masa filas da kunu saboda hanya, ta ce a gaya masa aro ne, tana son abinta.

Bayan wata biyu wani direban babbar mota ya yi sallama a makarantarmu da kwali. A ciki akwai filas ɗin, da ƙullin goro farare manya a cikin ganye, da wasiƙa daga ɗan jaridar cewa ya fara cin tuwon doya da miya. Na kai wa Hajiya, na karanta mata. Ta kira jikarta ta raba goron gida-gida a lungun, ta ɗauki ɗaya ta ɓare. Sannan ta juya filas ɗin a hannu, ta buɗe, ta rufe.

"Allah Ya ƙara masa lafiya," in ji ta. "Amma Malam, in za ka ba shi amsa, ka ce murfin nan ba nawa ba ne."